Yinin da Aka Tuɓe Mini Babbar Riga a Yauri

Ɗaurin aure ne ya kai ni Yauri, ba yawon buɗe ido ba. Wani abokina da muka yi zaman ɗaki ɗaya a makaranta a Kano ne zai angwance, ya kuma rantse in ban zo ba, ba ni ba shi. Na bi ta Sakkwato na kwana, da asuba na shiga motar haya: Boɗinga, Tambuwal, Aliero, Jega, Koko, sai ga mu a Yelwan Yauri azahar ta gota, ƙugu ya riƙe, ƙafa ta kumbura. Farkon watan Oktoba ne, damina na bankwana, shinkafa ta yi kore shar a fadamu hagu da dama.

Sha'anin biki ba sai na ɓata muku lokaci ba, an ɗaura lafiya, an ci an sha. Washegari da hantsi wani cikin abokan ango ya ce ai abin kunya ne mutum ya zo Yauri ya koma bai hau ruwa ba. Nan take kowa ya ɗauka. Ni ma na ce da ni, alhali iyakar sanina da ruwa kududdufin bayan unguwarmu ne, shi ma tun ranar da mahaifiyata ta zane ni a kansa ban ƙara tsoma ƙafa ba. Madatsar ruwan Tiga na taɓa zuwa sau ɗaya, daga kan tudu na tsaya na yi kallo. Iyo kuwa, da ni da dutse duk ɗaya.

Tashar jirage kasuwa ce mai zaman kanta. Ga manyan jiragen katako ana danna musu buhunan shinkafa da babura da awaki, ga ƙananan kwale-kwale na masunta suna shigowa da ƙarfasa da kurungu da tarwaɗa, ga mata suna banda, hayaƙi da ƙarnin kifi sun gauraye da warin fetur. Da na ɗaga ido na dubi kogin Kwara sai na ji bakina ya bushe. Ni kogi na zata zan gani, irin wanda kake hango mutumin da ke tsallake har ka gane launin hularsa. Wannan kuwa sai ruwa, sai wasu tsibirai can nesa kamar an ja layi da gawayi.

Ango ya kai mu wurin wani dattijo Basarke, wato cikin Sarkawa masunta, da ya sani tun yana yaro. Kowa Baba yake ce masa, mu ma muka bi sahu. Siriri ne, baƙi, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Jirginsa na katako ne dogo, an ɗaura masa inji mai ƙarfin doki 40 a baya. Aka gaisa, aka yi ciniki ya faɗa. Sai ya nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe.

“Ku 14 ne,” in ji shi. “Mutum 10 nake ɗauka.”

Muka yi dariya, don ga idonmu jirgin zai ci 20 har da saura. Kuma ga wani can gefe, bai fi nasa girma ba, ana ta cusa masa mutane da kaya. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyin kaina. Ni ne na matsa gaba, na sassauta murya, na ce, “Haba Baba, a yi mana alfarma mana. Baƙi ne mu, daga nesa muka zo, kuma tare muke. Wa za a ce ya zauna? Ai sai mu matsa wa juna.”

Bai ba ni amsa da baki ba. Ya kama hannuna ya ja ni bakin jirgin, ya ware yatsunsa ya auna daga leɓen katako zuwa fuskar ruwa. Taƙi biyu da ɗoriya. Ya ce, “Malam, wannan da kake gani shi ne ranku. Duk mutum ɗaya da ya shiga, sai ya ci wani abu a ciki. In na zuba ku duka, abin da zai rage bai kai taƙi ba. A nan bakin gaɓa ba komai, ruwa kwance yake. Can tsakiya in iska ta taso, taguwa ɗaya ta isa.” Ya saki hannuna. “Riguna 10 gare ni na baƙi. Ka nuna mini mutum 4 da ba ka so, in ɗauke su ba riga.”

Aka yi tsit. Ni kuwa Bagwai ce ta faɗo mini a rai. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari, ya taso daga Badau, yawancin waɗanda ke ciki ’yan Islamiyya ne za su Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. A Kano nake a lokacin, na ga hotunan yaran, na kuma zauna a majalisa na kumfar baki ina cewa wane irin rashin imani ne zai sa a loda wa jirgi fiye da kima. Yau ga ni da bakina ina roƙon a yi lodin. Kuma ba mugunta ce ta sa ni ba, kunya ce. Kunyar a ce wane ya zauna. Ina jin haka abin yake faruwa a mafi yawan tashoshi: wannan ƙanin mai gari ne, waccan surukar direba ce, wancan malami ne, duk ba wanda ido zai iya ce wa sauka. Ba don kuɗin mutum ɗaya kaɗai ake ƙara mutum ɗaya ba.

Ƙarshe dai mutum 2 suka ce dama su ba su so, rakiya suka yi. 2 kuma suka haƙura suka tafi cin kifi. Ni ban samu wannan dabarar ba, don ni na fi kowa zaƙewa.

Yaron jirgi ya jawo buhu ya zazzage rigunan kariya, masu ruwan lemo, rana ta ci launin wasu. A cikinmu akwai yayan ango, Alhaji ne mai jiki, ɗan kasuwa, mutum mai faɗa a ji. Ya ɗaga rigar da yatsa biyu kamar tsumma, ya ce, “Baba, wannan ai ta yara ce. In kwana ya ƙare, riga ba ta hanawa.”

Baba na warware igiya, ko ɗagowa bai yi ba. “Gaskiya ne, Alhaji, ba ta hanawa. Amma ko kwanan ya ƙare, mai riga a sama muke samunsa, a yi masa sutura da wuri. Marar riga sai mu kwana uku muna jan taru, iyalinsa na zaune a nan inda kake tsaye.”

Alhaji ya saka riga.

Ni kuma sai ya dubi babbar rigata, shadda ce fara ƙal mai aiki, wadda na ɗinka musamman don bikin, na kuma sako ta don hoto. Ya ce in tuɓe. Na ce in ɗora ta kariyar a kai mana. Ya girgiza kai, ya ce babbar riga a ruwa taru ce: ta buɗe, ta naɗe hannu, ta rufe fuska, wanda ya zo ceto ma ta haɗa da shi. Haka na tuɓe a gaban masu banda, suna ƙunshe dariya, na ninke ta da hula da takalmi sau-ciki na bar wa mai shayi ajiya. Na rage daga ni sai ’yar ciki da wando.

Yadda yaron ya saka mini rigar ma karatu ne. Ta farko da na ɗauka ya karɓe, ya matsa ta da hannu ya nuna mini: soson ciki ya lotse ya zama kamar tabarma, saboda an daɗe ana zama a kanta. Ya jefa ta gefe ya ɗauko wata daga cikin nasu. Maɗauri uku gare ta, ya ɗaure na ƙasa tukuna, ya ja har sai da na ce wash. Sannan ya sa yatsu a kafaɗun rigar ya fizga sama da ƙarfi. Ta tashi har kunnuwana. Ya ce, “Ka gani, Yaya? In ka faɗa haka, ita za ta tsaya a sama, kai ka zame ta ƙasa.” Ya sake ja, ya sake fizga, sai da ta ƙi wuce haɓata ya ƙyale ni. Akwai ɗan usur ɗaure a ƙirjinta. Na busa don wasa, bai yi dariya ba. Wayoyinmu ya sa muka ƙulle a leda. Baba kuma ya kira mai shayin ya gaya masa tsibirin da za mu, da cewa in an yi la'asar sakaliya bai gan mu ba, ya san wanda zai gaya wa.

Shi ya zaunar da mu da kansa, ba inda mutum ya ga dama ba. Alhaji a tsakiya, wani mai jiki a ɗaya ɓarin don su yi daidai, marasa nauyi a gaba. Ya ce doka uku ce: ba a miƙewa tsaye, ba a sauya wuri sai an tambaye shi, ba a kunna sigari, ga jarkar mai nan a ƙarƙashin benci. Muka yi addu'ar shiga jirgi ta Annabi Nuhu, yaro ya tokare gaɓa da gora, inji ya ɗauka.

Minti goma na farko ban ga komai ba sai ƙafafuna. Daga baya iska ta fara bugun fuskata, tsoro ya ɗan saki, na ɗaga kai. Jama'a, Allah ya yi halitta. Belbelu jere a kan ciyawar burgu, kainuwa na tafiya gungu-gungu kamar garken tumaki, wani yaro da bai fi shekara 10 ba shi kaɗai a kwale-kwale yana tuƙi da filafili yana ɗaga mana hannu. Ruwan launin kunun kanwa ne. Baba ya ce wannan shi ne farin ruwa, na daminar nan kusa, mai laka. Akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyi, wajen Disamba zuwa gaba. Shi daga duwatsun Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a hanya, ya iso nan a tace. Wato ruwan saman da aka yi a wata ƙasa da damina, sai da hunturu yake gaishe da Yauri.

Na lura ba ya tafiya miƙe. Fili fetal a gabanmu, amma sai ya karkata hagu, ya yi baka, ya dawo dama. Na tambaye shi dalili. Ya rage wuta, ya nuna mini wani wuri da ruwa ke ɗan murɗawa kamar ana juya cokali a ƙasa. “Kututture ne. Nan duk daji ne da gonaki a da.” An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, Yauri na can kansa ta arewa. Sama da mutum 40,000 aka tayar daga garuruwansu, tsohuwar Bussa ta nutse ɗungurungum aka gina sabuwa. Itatuwan da ruwa ya ci kuwa da yawa suna nan tsaye a ƙasa. In ruwa ya ja baya a gan su kamar haƙoran tsohuwa, in ya cika su ɓuya, kuma a lokacin ne suka fi haɗari. Jirgin katako mai gudu in ya hau ɗaya, tsagewa yake. Baba ya ce shi taswirarsu a kansa take, amma da ido yake karanta ta. Shi ya sa ko nawa za a ba shi ba ya tuƙin dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ma ta hana zirga-zirgar jirage daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, ta kuma wajabta rigar kariya, sai dai ruwa da faɗi, ba kowace gaɓa ce ke da mai tsaro ba.

Wani malamin tarihi a cikinmu ya tsoma baki, ya ce ai Baturen nan Mungo Park ta nan ya wuce a 1806, ya je ya halaka a duwatsun ruwa na Bussa, har wasu ’yan'uwa biyu, su Lander, suka zo Yauri a 1830 suna cigiyar takardunsa. Baba ya ce shi bai san shi ba, amma ko wane ne, da ya ɗauki ɗan gari.

Muna cikin wannan raha yaron jirgi ya ce a hankali, “Dorina.” Can dama da mu, nesa kaɗan, kunnuwa biyu da hanci suka ɓullo, ta yi wani huci ruwa ya tashi. Abin da ya biyo baya ko ƙiftawar ido bai kai ba. Mutanen ɓarin hagu suka zabura gaba ɗaya zuwa dama, kowa na kiciniyar kwance leda, ɗaya ya miƙe tsaye cak da waya a sama. Jirgi ya kwanta. Na ga leɓen katakon nan da Baba ya auna mini ya sumbaci ruwa, ruwa ya kwararo kan cinyata, sanyi ƙalau.

“ZAUNA!”

Ban san siririn tsohon nan na da irin wannan murya ba. Mai tsayuwa ya faɗi zaune a kan Alhaji, jirgi ya koma ɗaya ɓarin, ya dawo, ya yi rawa sau uku kafin ya natsu. Ba wanda ya ce uffan. Yaro ya ɗauko wata jarka da aka yanke wa kai ya shiga kwarfe ruwa, shwaa, shwaa, kamar ba abin da ya faru. Ni lissafi nake a zuci: da mutum 4 ɗin nan da na roƙa suna ciki fa? Baba ya ja jirgi ya ba dorinar fili sosai. Ya ce mai ɗa ce ta fi faɗa, kuma ba a shiga tsakaninta da zurfi. Hoton da aka kusa mutuwa a kansa, da muka duba daga baya, sama ce da rabin babban yatsa.

Tsibirin da muka sauka na Gungawa ne, mutanen da tun kaka da kakanni a kan gungu suke, su ne kuma ƙashin bayan bikin Rigata da ake tseren jirage a Yauri. Aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka gasa mana giwan ruwa da yaji, muka ci har muna lasar yatsa. Muka yi azahar a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. A nan hira ta kai mu ga Warrah, can ƙasa a Ngaski, cikin masarautar Yauri ɗin dai, inda a watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja da mutum fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ciro da rai ’yan kaɗan. Wani dattijon tsibirin ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne da yawa a irin wannan haɗari ba ruwa ne ke fara kashe su ba, junansu ne; wanda ya iya iyo sai mutum uku su cafke shi su tafi tare.

Baba ya karɓe zancen, ya juyo gare mu. Ya ce in Allah ya kawo tsautsayi jirgi ya kife, kada wanda ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, gaɓa a ido kusa take, a hannu nesa. A riƙe jikin jirgi, katako ba ya saurin nutsewa, kuma mai nema jirgi yake hangowa kafin kan mutum. Mai riga ya kwanta rigingine ya bar ta ta yi aikinta, ya busa usur. In wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko a jefa masa igiya ko jarka marar komai mai murfi, kada a ba shi hannu, kada a bi shi. Ya ƙara da wani abu da ban taɓa ji ba: mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na neman iska, ina ya ga ta kira? Sai dai ka ga kai na sama na ƙasa shiru, kamar mai wasa.

Wajen ƙarfe 3 ya miƙe ya ce a tafi. Samari suka ce haba Baba, yanzu hira ta yi daɗi, ga rana tsaka, a bari a yi la'asar mana. Alhaji ma ya ce zai ƙara masa wani abu. Baba ya nuna gabas da haɓa. Ni ban ga komai ba sai wani ɗan baƙi-baƙi a gindin sama, kamar hayaƙin ƙona daji. Ya ce hadarin ƙarshen damina ruwansa kaɗan ne, iskarsa ce abin tsoro. Wannan karon ban buɗe baki ba, ni na fara shiga jirgi, na kuma ja maɗaurin rigata da kaina har numfashi na ɗaukewa.

Mun ci kamar rabin hanya inji ya yi wani gurnani ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoro. Baba ya ɗaga injin sama, sai ga tsohuwar ragar masunta ta naɗe farfela tam. Ya ciro wuƙa daga ƙugu, ya kwanta rub-da-ciki a bayan jirgi, yaro ya riƙe masa ƙafafu, ya shiga yanka zare ɗaya-ɗaya. Jirgi ya fara juyawa yana ba taguwa gefe. Ya ɗago ya miƙa wa malamin tarihi filafili, ya ce ya riƙa ja ta nan don hancin jirgi ya fuskanci iska. Ashe filafilai biyun da na ɗauka tarkace ne a ƙarƙashin benci, ranarsu suke jira. Baƙin nan na gabas kuwa ya taso ya ci sulusin sama, ruwa ya sauya launi ya koma kamar toka, iska mai sanyi ta fara zuwa tana ɗauke da ƙamshin ƙasa. Alhaji na ta Hasbunallahu a bayyane. Ni kuwa usur ɗin nan na damƙe a hannu har ya yi mini shaida a tafi.

Bai fi minti 15 ba, amma na sha tsufa a ciki. Da ya gama ya ja igiyar inji sau ɗaya, shiru. Sau biyu, tari. Na uku ta kama. Bai ƙure wuta ba kamar yadda raina ke so. Ya bi a hankali yana yanka taguwa a karkace, jirgi ya hau ya sauka, ruwa na fantsamo mana, yaro na kwarfewa. Ya kuma bar hanyar da muka zo ya raɓi gaɓa, ko da ta ɓaci mu samu wurin fakewa.

Ƙafata na taɓa laka iska ta sauka da gaske. Rumfunan masu banda suka fara tashi, kwanon wani shago ya yi sama, mata na ta kwashe kifi suna salati. Muka ruga rumfar mai shayi muka cusu. Na waiga na ga ruwan da muka baro ya zama fari fat da kumfa, ko tsibirin ba a gani. Mai shayi ya miƙo mini babbar rigata a ninke, ko ɗigo bai taɓa ta ba, na rungume ta a ƙirji ina karkarwa, na ce ya haɗa mini mai kauri.

Yaron jirgi ya bi mu yana karɓar riguna yana jefawa a buhu. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, “Baba, 9 ne.” Aka duba ƙarƙashin benci, aka leƙa waje. Can ƙuryar rumfa sai ga Alhaji zaune a kan buhun gawayi, kofin shayi a hannu, rigar lemo ɗaure tam har wuya.

Baba ya ce, “Alhaji, an iso ai.”

Alhaji ya kurɓi shayi, ya dubi ruwan da ke zuba, ya ce, “Bari dai a ɗauke tukuna.”